Masu Zana Duniyar da Babu Ita, da Abin da Suke Ɗauka a Wurin Makiyayi da Falke

 Yau za mu ɗan ajiye maganar farashin hatsi da rigakafin shanu, mu yi magana a kan zane. Na san wani zai ce, Malam, ina ruwan mai kora da zane? To a ɗan yi mini haƙuri.

Duk wanda ya taɓa sarin kayan yara a Kasuwar Libiya ta Omdurman ya san jakunkunan makaranta da riguna da 'yan kayan wasa masu hotunan wasu halittu a jiki: wani da baƙin ƙarfe a fuska, wani kore mai dogayen kunnuwa, wani da kayan damisa. Ɗan kasuwa yakan sara dila-dila, ya kai Jinaina ko Abeche ko Gadarif, bai taɓa tambayar ko su wane ne ba. Abin da ya sani kawai, jaka mai hoton ta fi marar hoto saurin fita. To waɗannan hotuna akwai waɗanda suka zauna suka ƙago su da hannu, kuma akwai manyan littattafai da aka tsare kamanninsu a ciki.

Irin labaran da waɗannan halittu suke fitowa a ciki ana ce musu almarar kimiyya. Wato labari ne ƙagagge a kan wata duniya ko wani zamani mai zuwa, inda ake tafiya tsakanin taurari, injuna suna magana. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, domin tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, labarin yaro da tafiya sararin sama. Amma cikin waɗanda suka fi cin kasuwa a duniya akwai Star Wars, na wani Ba'amurke George Lucas, wanda fim ɗinsa na farko ya fito a 1977. Daga fim ɗaya abin ya haifi finafinai da littattafai da kayan wasa, har a 2012 kamfanin Disney ya saye kamfanin Lucas a kan kusan dala biliyan 4. Kun ji kuɗin tatsuniya.

To idan labari ya yi girma haka, ɗaruruwan mutane suna aiki a kansa a ƙasashe daban-daban, dole a sami abin da kowa zai duba. In ba haka ba, mai ɗinki zai yi wa jarumi riga ja, mai buga jaka a Sin ya yi masa shuɗiya. Shi ya sa ake yin kundin bayani: littafi mai manyan shafuka, kowane mutum na labarin an zana shi ta gaba da ta baya da ta gefe, an ja layi zuwa takalminsa an rubuta da me aka yi shi, an ja layi zuwa abin da ya rataya an faɗi amfaninsa. Dabba kuwa akan tsayar da mutum a gefenta don a ga tsayinta. Ku 'yan kasuwa kun san samfur da ake aika wa masaƙa, a ce kada a ƙara kada a rage. Haka abin yake. Kamfanin Lucas har ma'aikaci yake da shi, Leland Chee, wanda aikinsa shi ne tsare wannan bayani don kada wani littafi ya ƙaryata wani.

Tun kafin a ɗauki fim ɗin farko, mai zane ne ya buɗe hanya. Sunansa Ralph McQuarrie, kuma kafin nan a kamfanin jiragen sama na Boeing yake zana sassan inji. A 1975 Lucas ya ba shi labarin a rubuce, shi kuma ya zana wasu wurare da mutane da fenti. Waɗannan zane-zane suna cikin abin da ya sa masu kuɗi suka yarda suka zuba jari, don a takarda kawai labarin ya yi musu kama da shirme. Abin lura, mutumin da ya saba zana ƙusa da noti daidai wa daida ne ya iya sa jirgin ƙarya ya yi kama da na gaske.

Sai kuma tambaya: duniyar da babu ita, a ina mai zane zai gan ta? Ba ya ganinta a ko'ina. Tsintowa yake daga wannan da muke ciki. Garin su jarumin Star Wars wata duniya ce ta rairayi mai rana biyu, sunanta Tatooine. An samo sunan daga Tatawin, wani gari a kudancin Tunisiya, kuma a Tunisiya aka ɗauki wuraren a 1976. Gidan da jarumin ya girma a ciki gidan rami ne na mutanen Matmata, waɗanda suke haƙa ɗakunansu a ƙasa saboda zafi. Tsohon malaminsa kuwa, in ka ga mayafinsa mai hula sai ka rantse alkyabba ce. Har ma wanda ya rubuta kundin hotunan Star Wars na 1998, David West Reynolds, masanin tono kayan tarihi ne, kuma sai da ya bi sahara ya gano wuraren da aka ɗauki fim ɗin.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanku, makiyaya. A wannan duniya ta rairayi akwai dabbobin hawa da na kaya. A fim ɗin 1977 akwai wata ƙatuwa mai gashi da murɗaɗɗun ƙahoni da ake kira bantha. Giwa ce aka lulluɓe da gashi, shi ya sa tafiyarta ta zauna da kyau a ido: nauyin na gaske ne. Daga baya da aka koma yin dabbobin da kwamfuta, sai aka nemi wadda ta san dabba. Sunanta Terryl Whitlatch, ta karanci ilmin dabbobi kafin ta zama mai zane, ta yi aiki a fim ɗin 1999, kuma a 2001 aka buga kundinta na namun dajin Star Wars. Yadda take aiki shi ne, ba ta fara da fata. Ƙashi take fara zanawa, ta ɗora tsoka, sannan fata. Tana tambayar kanta me dabbar take ci, ina take samun ruwa, wa yake farautarta. A cikin dabbobin akwai eopie, mai dogayen ƙafafu da doguwar hanci, wadda duk wanda ya san raƙumi zai gane danginta.

To wannan ilmi da ta je jami'a ta nema, yaron da ya tashi a bayan taguwa yana da shi a ido. Ya san raƙumi ƙafar gaba da ta baya na gefe guda yake ɗagawa tare, shi ya sa yake rausaya da mahayi. Ya san in zai tashi daga gurfane da ƙafafun baya yake farawa, saniya ma haka, amma doki da na gaba yake farawa. Ya san kanta ɗin da ke ƙirjinsa da gwiwoyinsa, inda yake dogara a kan rairayi mai zafi. Ya san tozo kitse ne, kuma in amale ya sha wuyar tafiya tozon yakan kwanta gefe. Ya san tafin ƙafar raƙumi yana buɗewa in ya taka. Mai zanen da bai san waɗannan ba, ko ya iya fenti kamar me, dabbarsa za ta fito kamar an hura mata iska. Mutumin birni ba lalle ya iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma zai ji a jikinsa cewa wannan abu ba ya numfashi.

Ku ɗauki sirdi kaɗai. Sirdin Buzaye na Agadas, mai ƙaho uku a gaba kamar gicciye, a gaban tozo ake ɗora shi, mahayi ya ɗora ƙafafunsa a wuyan raƙumi yana sarrafa shi da su. Makhlufa ta mutanen Sudan a kan tozo take zama. A wasu sassan ƙasar Larabawa, kamar Oman, bayan tozo mahayi yake zama. Wuri uku a bayan dabba ɗaya, kowanne da dalilinsa, kowanne yana gaya maka daga ina mutum ya fito tun kafin ya yi sallama. Ga kuma utfa ta matan Kababish, ɗan ɗakin da ake ɗaura wa raƙumi ranar ƙaura, da adon fata da wuri da gashin jimina. In mai zane ya ɗora sirdin Agadas a kan tozo, ya zaunar da mutum mai jallabiyar Kordofan a kai, a Amurka ba wanda zai ce uffan. A kasuwar Muwailih kuwa, yamma da Omdurman, dariya za a yi har a faɗi.

Na ce dariya, amma abin ba na dariya ba ne duka. Yau akwai manhajojin da kake rubuta musu abin da kake so su zana maka shi nan take. Daga hotunan da ke intanet suke koyo. In hotunan da ke can na masu yawon buɗe ido ne a gindin dalar Masar, to raƙumin da za su ba ka ke nan, da sirdinsa na haya. Jikokinmu da za su tashi a birni, in suka nemi ganin yadda kakansu yake hawa, abin da za a nuna musu ke nan.

'Yan kasuwa, ku ma ba a bar ku a baya ba. A duniyar Tatooine akwai wasu gajerun mutane masu lulluɓi da ake kira Jawa. Sana'arsu bin sahara suna tsintar tsofaffin injuna, su gyara, su kai wa manoma su sayar, wani lokaci da ɗan algus. 'Yan gwangwan ke nan, ba wani abu ba. Motarsu wata ƙatuwar akwati ce ta ƙarfe mai tsatsa. A 1998 wasu masu zane biyu, Hans Jenssen da Richard Chasemore, suka fitar da kundin da suka tsaga motoci da jiragen Star Wars a takarda, kamar yadda mahauci yake buɗe rago, suka nuna abin da ke ciki: ga inji, ga ma'ajiyar kaya, ga wurin zaman ma'aikata. Abin da fim bai taɓa nunawa ba su suka zauna suka yi tunaninsa, kuma dole ya yi ma'ana. In ƙofa tana nan a waje, to a ciki ma sai ta buɗe zuwa wani wuri.

Duk lokacin da aka yi maganar wannan mota, Sifinja ce take zuwa mini a rai, wato tsohuwar Bedford da maƙeran Sudan suke warwarewa su sake ginawa, su ƙara mata ƙarfi da tsawo har ta ɗauki abin da masu ƙera ta a Ingila ba su taɓa mafarki ba, sannan a yi mata ado da fenti da rubutu. Motar Jawa ta ƙarya ce, an zana cikinta dalla-dalla an sayar a duniya. Sifinja ta gaske ce, ta ratsa rairayin Darfur da Kordofan shekara da shekaru, amma ilmin gyaranta yawanci a kan masu garejin yake, in sun tafi ya tafi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Black Panther na 2018, fim a kan wata ƙasar Afirka ƙagaggiya mai suna Wakanda wadda ba a taɓa yi wa mulkin mallaka ba. Matar da ta tsara wuraren fim ɗin, Hannah Beachler, ta haɗa kundi na fiye da shafi 500 don ma'aikata: tarihin ƙasar, ƙabilunta, gine-ginenta. Ruth Carter kuma ta tsara tufafi. Dukansu biyu sun sami kyautar Oscar a 2019. A cikin ƙabilun Wakanda akwai ta bakin iyaka, makiyaya ne masu tsaron ƙasa, an lulluɓa musu bargon mutanen Lesotho, sai dai maimakon doki karkanda suke hawa zuwa yaƙi. Akwai kuma ƙabilar fatake, wadda aka ɗauko shigarta daga Buzaye, da rawani da shuni. Dogayen benayen babban birnin kuwa an soka musu itatuwa a jiki irin na masallatan Tumbuktu. Wato dai makiyayi da falke, ku da kuke saurare na yanzu, an sa ku a fim ɗin da ya tara fiye da dala biliyan 1.

A ganina sun yi aiki mai kyau, kuma sun yi shi da girmamawa. Amma kwashe-kwashe ne: bargo daga kudu, rawani daga sahara, rubutu daga kudancin Nijeriya, aka zuba a tukunya ɗaya. Ga mai kallo a waje duk Afirka ce. Mu kuwa mun san rawanin Agadas daban, na Kano daban, imma ta Omdurman daban, kuma yadda mutum ya ja amawali yana da magana a ciki. Haka marubuciya Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, ta kafa littafinta Who Fears Death na 2010 a Sudan ta wani zamani mai zuwa. Ƙasar nan tana ba masu ƙirƙira abin aiki tun ba yau ba.

Kuma ba a rasa masu zane a gida ba. Omdurman ce ta haifi Ibrahim El-Salahi a 1930, ɗan malamin allo, wanda ya ɗauki lanƙwasar harafin Larabci ya mayar da ita zane, har a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Ita ce kuma ta haifi Sharhabil Ahmed a 1935. Yawancin mutane da kiɗa suka san shi, amma ya yi shekaru yana zana Ammak Tango a mujallar yara ta Al-Sibyan, wadda aka fara bugawa a 1946. Dattawan Sudan da yawa a kan wannan mujalla suka koyi son karatu. Shekara da shekaru Tango yana fitowa, yaro na ganinsa ya gane shi. Wannan shi ne ainihin aikin da kundin bayani yake yi, ko da ba a kira shi da sunan ba.

Abin da ya sa na kawo wannan magana yanzu, kowa ya san shi. Tun 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ci Khartoum da Omdurman. Kasuwar Libiya, wadda ta samo sunanta daga kayan da ake ratso sahara da su daga Libiya, ta zama fagen daga, sai a ƙarshen Maris 2025 sojoji suka ba da sanarwar karɓe ta. An wawashe rumfuna, jarin mutane ya salwanta. Gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum ma an kwashe kayansa da yawa. Rumfa ana sake gina ta, in Allah ya hore. Amma dattijon da ya san ɗinkin salka da yadda ake jeme fatarta, da baduku mai yin makhlufa, da madugun da ya san rijiyoyin Darbul Arba'in, hanyar kwana arba'in da raƙuma suke bi zuwa Masar, waɗannan sun watse. Wasu suna sansanin gudun hijira a Chadi, wasu a Masar, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Duniyar Tatooine da babu ita, an san yadda ake ɗaure kayan dabbobinta. Tamu da ke akwai, kaɗan ne aka zana.

Wani zai ce ai ga waya, a ɗauki hoto mana. A ɗauka, yana da amfani. Amma hoto yana ɗaukar komai ne a jere, inuwa da ƙura da abin da ba a nema ba. Mai zane yana zaɓa. Yana iya ɗaga shimfiɗar sirdi ya nuna itacen da ke ƙasa, ya nuna ƙullin akala mataki-mataki, ya jera alamun wuta na zuriya goma a shafi ɗaya, wato wasm, yadda in an sace dabba aka kai ta wata kasuwa za a iya gane ta. Shi ya sa har gobe littattafan likitocin dabbobi ba su rabu da zanen hannu ba.

Na san akwai masu damuwa da hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi bayani a kai kuma akwai saɓani a tsakaninsu, musamman kan abin da aka yi don koyarwa, don haka kowa ya tambayi malaminsa. Sai dai sirdi da guga da angarib da jabana da cikin injin lori ba su da rai, kuma su kaɗai sun isa cika kundi.

Saura gargaɗi ga samarinmu masu zane, don na san akwai su, wasu a bayan littafin makaranta suke yi, wasu a jikin lori, wasu a waya. Aikin irin waɗannan kamfanoni kamar kiwon haya yake. Kai ne da wahalar, amma garken da 'yan maruƙan na mai shi ne. Ana biyan ka ladan shafi, halittar da ka zana ta zama ta kamfani. Shi kansa Black Panther, Jack Kirby ne ya fara zana shi a 1966 tare da marubuci Stan Lee, amma kamfanin Marvel ne mai shi. Bayan rasuwar Kirby 'ya'yansa sun yi ta shari'a da kamfanin a kan halittun da ya zana, sai a 2014 aka sasanta. Saboda haka in wani ya aiko maka saƙo daga waje yana son ka zana masa mutanen sahara, ka tambaye shi tun farko: nawa ne, sau nawa za a sa ni gyara, sunana zai fito, kuma zanen na wa zai zama? A rubuta. Ku tambayi iyayenku 'yan kasuwa, su ba sa sakin kaya a bakin iyaka ba takarda.

Ku kuma iyaye, in yaro ya zauna gefen turke da fensir yana kallon saniya, kada a kore shi a ce zaman banza yake. A gaya masa sunayen abubuwa. A nuna masa bambancin ƙahon Rahaji da na Bunaji, da dalilin da ya sa Bokolo ba ta da dogon ƙaho amma tana da leɓe, da yadda ake gane tunkiyar Hamari daga Balami. Ya rubuta sunan kowane sashe da Hausa, da Larabci, da Fulatanci in ya samu, da boko ko da ajami, ya sa garin da ya gani da shekarar. Wanda yake kusa da wani tsohon baduku ko maƙerin lori a sansani ko a zango, ya kai yaron wurinsa da littafi mai shafi arba'in da fensir biyu, su fara da abu ɗaya, ko da ƙullin akala ne.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar takardun fiton dabbobi.